Yadda Ake Gyara Lissafin Caji Idan Akwatin Wuta Ya Fara Nuna Kashin Ƙarya

Akwatin wuta na tafi-da-gidanka, wanda masu sayarwa ke kira fawa siteshan, irin su EcoFlow da Bluetti da Jackery da Anker, ya samu wurin zama a gidaje da shagunan Jos. Masu POS a Terminus, masu aski a Unguwar Rogo, masu cajin waya a Gangare, ɗaliban jami'a da ke haya a titin Bauchi, za ka gan shi a gefensu. Koken da aka fi yi a kansa bayan an yi 'yan watanni ana mora kusan iri ɗaya ne. Fuskarsa tana nuna saura kashi 30, mai shi ya saki jiki, kafin minti goma lambar ta rikito zuwa sifili, akwatin ya ɗauke. Wani nasa idan aka sa a caji sai ya yi tsalle daga kashi 80 da 'yan kai zuwa 100. Wani kuma nasa ya maƙale a kashi 1, amma ya ci gaba da juya fanka har awa biyu.

A mafi yawan lokuta batirin lafiyarsa ƙalau. Lissafin da akwatin ke yi wa kansa ne ya goce, kuma gyaransa bai kai ga sukudireba ko mai gyara ba. Abin da yake nema shi ne kwana guda, da wuta mai ɗorewa, da haƙuri. Sai dai akwai lokacin da batirin ne da kansa ya fara gajiya, alamomin kuma sun yi kama da juna. Saboda haka hanyar da za a bi a nan ta haɗa aiki biyu: saita lissafin, da auna ainihin wutar da batirin yake iya riƙewa, don ka san wace matsalar ce a hannunka.

Daga ina lambar take fitowa

Babu abin da ke cikin akwatin da yake leƙa batir ya ga yawan wutar da ta rage. Lambar da kake gani kintace ce. Akwai allon lantarki mai kula da batirin, ana ce masa BMS. Shi ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, ta hanyar wani ɗan ƙarfen awo da aka dasa a kan hanyar wutar, yana tarawa yana ɗebewa. Kamar rufaffen tankin ruwa ne da ba a iya leƙa cikinsa, sai dai a riƙa rubuta jarka nawa mai ruwa ya zuba, bokiti nawa aka ɗiba. A ranar farko lissafi zai tafi daidai. Amma jarkar da ba ta cika ba, da ɗigon da famfo ke yi cikin dare, ba sa shiga littafi. Bayan wata guda littafi na cewa akwai rabi, famfo kuwa ya ƙafe. Sau biyu kaɗai ake sanin gaskiyar tankin: ranar da ya cika ya tumbatsa, da ranar da ya ƙare ƙaf.

Ɗigon da ke cikin akwatin wuta shi ne 'yar wutar da fuska da bulutut da wayifai da shi kansa BMS ɗin suke sha, da wadda batir ke zubarwa da kansa idan yana ajiye. Wani ɓangaren wannan wutar ya yi ƙanƙantar da awon ba ya kama shi da kyau. Ka ɗauka ana yin kuskuren kashi 1 kacal a rana, kuma kullum ta gefe ɗaya yake karkata. Cikin wata guda an tara kashi 30. To ga asalin kashi 30 ɗin da ke ɓacewa farat ɗaya: tun farko babu shi, a rubuce kawai yake.

Mutum zai ce, me ya hana akwatin ya auna ƙarfin wutar batirin, wanda ake rubutawa da V, ya gyara kansa? Abin ya danganta da irin batirin. Yawancin akwatunan da ake sayarwa yanzu suna ɗauke da batirin LiFePO4, wanda ake taƙaitawa da LFP. Kowace ƙwaya tasa, wato ƙananan batiran da aka jera suka haɗa shi, tana kai 3.65V idan ta cika, tana sauka wajen 2.5V idan ta ƙare, amma tsakanin kashi 20 da kashi 90 kusan a wuri ɗaya take tsayawa, tsakanin 3.2V da 3.35V. Bambancin ƙwayar da ke da kashi 40 da wadda ke da kashi 70 bai taka kara ya karya ba, zafi ko sanyi ko nauyin kaya sun isa su rufe shi. Sai batir ya kusa cika ƙarfin yake harbawa sama, sai ya kusa ƙarewa yake faɗowa. A waɗannan gaɓoɓi biyu ne kawai BMS ke samun tabbas. Tsofaffin akwatuna masu batirin NMC, wanda ƙwayarsa ke gangarowa a hankali daga 4.2V zuwa wajen 3.0V, ba su cika wannan rikicin ba, domin ƙarfin da kansa yana nuna inda aka kwana. Wato batirin LFP, wanda ya fi tsawon rai, shi ne ya fi wuyar karantawa.

Yadda ake amfani da akwatin a Jos kuwa yana ƙara wa matsalar ƙarfi. An kawo wuta, an jona, ya kai kashi 70 an ɗauke. An yi aiki da shi ya sauko 35, an sake kawowa. Sati ya zagayo, wata ya zagayo, bai taɓa ganin sama ba bai taɓa ganin ƙasa ba. Masu sola ma haka: a Yuli da Agusta hadari na rufe rana tun kafin batir ya cika, da hunturu kuma ƙura na kwanciya a kan farantin ta rage abin da yake kawowa. Ga kuma waɗanda suka shiga manhaja suka tsayar da caji a kashi 80 don batir ya daɗe. Niyyar mai kyau ce, amma akwatin LFP da aka hana shi cika tsawon watanni lissafinsa sai ya goce.

Abubuwan da ke kama da matsalar amma ba ita ba ce

Kafin ka ɓata kwana guda, ka duba waɗannan.

Lambar da ke nuna saura awa kaza daban take da lambar kashi. Ita tana bin nauyin da ke kan akwatin a daidai wannan lokacin. Firji ya tashi, ta faɗo daga awa 20 zuwa awa 5. Firji ya huta, ta koma. Wannan ba lalacewa ba ce.

Idan kashi yana raguwa cikin dare alhali ba a jona komai ba, duba maɓallin AC, wato mai kunna soket ɗin akwatin. Inbatar da ke ciki, mai juya wutar batir zuwa irin ta soket, muddin tana kunne, tana cin wuta ko babu kaya a kanta, daga wajen wat 5 a ƙananan akwatuna zuwa wat 20 ko fiye a manya. Wat 15 cikin awa 10 ya zama 150Wh (Wh shi ne wat sau awa, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), kusan kashi 15 na akwati mai 1024Wh. A nan lissafin gaskiya ya faɗa, wutar ta tafi da gaske. Maganinsa kashe AC idan an gama, da cajin waya ta ramin USB maimakon ta soket.

Sanyi ma yana da hannu. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma a daren Disamba da Janairu sanyi kan sauko kusa da digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka. Batir mai sanyi ba ya sakin wuta kamar mai ɗumi, ƙarfinsa yana saurin faɗuwa idan aka ɗora masa nauyi, sai BMS ya yanke tun da sauran wuta a ciki. Akwatin da ya kwana a shagon kwano ko a but ɗin mota, aka tashe shi da asuba da hita, zai iya ɗaukewa a kashi 15, da rana ta yi kuma ya farfaɗo. Idan da asubar hunturu kaɗai abin ke faruwa, ka mayar da shi ɗaki, ka ɗaga shi daga kan siminti zuwa kan katako ko tebur, ka ga ko zai daina.

Na ƙarshe shi ne kayan da suka fi ƙarfinsa. Dutsen guga, butar lantarki, injin jan ruwa, suna sa akwatin ya yanke don kare kansa, yawanci da wata alama ko lambar gargaɗi a fuska. Wannan yankewa ce ta kariya, kashin yana nan inda yake idan ka sake kunnawa.

Akwai kuma halin da ba a gwajin komai a cikinsa. Idan jikin akwatin ya kumbura, ko yana wari irin na sinadari, ko yana zafi alhali a kashe yake, ko ruwa ya shige shi, ka cire shi daga wuta, ka fitar da shi waje nesa da katifa da labule da tukunyar gas, ka nemi wanda ya sayar maka.

Shiri

Duba bayan akwatin ko ƙasansa ka ga adadin Wh da aka rubuta: 256, 512, 768, 1024, 2048, ko makamancin haka. Kan wannan lambar za a gina komai. Raba ta biyar, abin da ya fito shi ne nauyin da ya dace ka sauke batirin da shi. Mai 256Wh yana son kimanin wat 50, wato fankar tsaye guda. Mai 512Wh wat 100. Mai 1024Wh wat 200. Mai 2048Wh wat 400. Ba dole sai ya zo cif ba. Daga kashi ɗaya cikin goma zuwa kashi ɗaya cikin uku na lambar duk ya yi.

Dalilin wannan tsakaitawa shi ne, nauyi mai yawa yana danne ƙarfin ƙwayoyin, BMS ya ɗauka sun ƙare alhali da saura, sai ya koyi ƙarya. Nauyi kaɗan kuma yana jan aikin ya kwana biyu, inbata ta cinye kaso mai tsoka, awonka ya lalace. Kayan da ya fi dacewa shi ne mai jan wuta bai ɗaya daga farko har ƙarshe. Jan ƙwan lantarki irin na da mai wat 100 ya fi komai, biyu sun ishi mai 1024Wh, sai dai a rataye su nesa da tufafi da yara domin suna zafi sosai. Fanka da talabijin ma sun yi. Kada a yi da firji ko dutsen guga, domin suna kamawa suna saki.

Idan da hali, ka nemi 'yar mitar soket mai ƙirga wat da Wh, wadda ake jonawa tsakanin akwati da kaya. A ganinmu duk mai akwatin da ya kai 500Wh ya kamata ya mallake ta, domin ita ce shaidar da ba ta dogara da bakin akwatin ba. In babu, agogo da takarda da biro za su wadatar.

Sai manhajar waya, ga akwatunan da ke da ita. Mayar da iyakar caji zuwa 100, iyakar sauka zuwa 0. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, su yi aikin gaba ɗaya a banza, don akwatin ya tsaya a kashi 10 ko 20 bai taɓa ƙasa ba. Kashe tsarin tattalin wuta da ke kashe AC da kansa bayan wasu awoyi. Idan akwai sabunta manhajar cikin akwatin da ke jira, yi shi yanzu, batir na sama da rabi, intanet kuma mai ƙarfi, domin kamfanoni kan gyara hanyar lissafin kashi ta irin wannan sabuntawar. Rage saurin caji zuwa kusan lambar nan da ka samu, wat 200 zuwa 300 ga mai 1024Wh. Wasu akwatunan maɓalli gare su a baya na caji a hankali. Cire wayar sola, cire duk abin da ke jone. In kana da ƙarin batir da ke haɗe da akwatin, bi abin da littafinsa ya ce, amma ka sani lambar da ke fuska matsakaicin su biyun ce, don haka ɗaya na iya ɓoye laifin ɗaya.

Abu mafi wuya a Jos shi ne samun wutar da za ta zauna awa shida zuwa bakwai a jere, har sau biyu. Layukan Band A an tsara musu aƙalla awa 20 a rana, Band B awa 16, Band C awa 12, amma ko ina kake ka fi kowa sanin lokacin da wutar unguwarku ta fi zama. Ka tsara cajin ya faɗo a wannan lokacin, saukewar kuma ta faɗo lokacin da aka saba ɗaukewa. Idan layinku ba ya zama, ɗaukar akwatin zuwa gidan ɗan uwa ko wurin aiki mai wuta tsayayya ya fi sauƙi.

Aikin kansa

Fara da cikawa. Jona shi a bango kai tsaye, ba ta doguwar waya mai sirara ba, a ɗaki mai iska, bayansa da gefensa da tazarar taki guda daga bango don fankokinsa su yi numfashi. Yanayin da ya fi shi ne tsakanin digiri 20 da 30, wato yinin Jos na yau da kullum. Kada ka jona masa komai yana caji.

Idan fuska ta nuna 100, kada ka cire. Wannan ita ce gaɓar da aka fi kuskurewa. Duba lambar wat da ke shiga. Muddin tana nuna wani abu, batirin bai gama cika ba, ko me kashin ya ce. Jira ta sauko sifili, sannan ka ƙara masa awa biyu a jone. A wannan zaman ne BMS ke ganin ƙwayoyin sun kai ƙololuwa ya kafa alamar sama, a nan ne kuma yake daidaita su da juna. Idan ya daɗe a kashi 99, ka ƙyale shi, aikinsa yake yi.

Cire shi daga bango, bar shi ya huta minti 30 zuwa awa ɗaya, ya huce, ƙarfin ƙwayoyin ya kwanta.

Yanzu jona mitarka da kayan da ka tanada, kunna AC, rubuta lokaci. Duk rabin awa ka rubuta kashin da ke fuska da wat ɗin da ke fita. Da wat 200 a kan mai 1024Wh, ana sa ran kashi 11 zuwa 12 su tafi duk rabin awa, aikin duka ya ɗauki awa huɗu da 'yan mintuna. Rubutun nan shi zai nuna maka inda lissafin ya karkace: idan yana tafiya daidai har kashi 28 sannan ya faɗo sifili, ka ga girman ramin da idonka. Kada ka dakatar a tsakiya, kada ka ƙara kaya ko ka rage, kada ka sa shi a caji don an kawo wuta. Idan ya kai kashi 1 ko 0 yana ci gaba da aiki, bar shi, har sai ya kashe AC da kansa. Rubuta lokacin, ka kuma karanta mitar tun kafin ta ɗauke, domin wasu mitocin suna mantawa idan wuta ta yanke. Daga kashi 10 zuwa ƙasa ka riƙa leƙa ta a kai a kai.

Wasu akwatunan suna kashe AC amma su bar USB da 'yar fitilarsu na aiki. In haka ne, kunna fitilar ko jona waya har shi ma wannan ɓangaren ya ɗauke. Da zarar ya mutu gaba ɗaya, kada ka yi ta danna maɓalli kana tilasta masa ya tashi. 'Yar wutar da ta rage a ƙasa an bar ta ne don BMS ya rayu.

Bar shi ya huta rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan ka mayar da shi caji a ranar, ba gobe ba, ba jibi ba. Batirin da aka bari a sifili na makonni yana ci gaba da zubewa har ya wuce iyakar da BMS zai yarda ya karɓi caji, wani lokaci kuma ba ya sake tashi. Saboda haka kada ka fara saukewa sai kana da tabbacin inda za ka samu wutar cikawa.

Cajin na biyu shi ma a hankali, ba tare da kaya ba, har 100, har wat mai shiga ya koma sifili, da ƙarin awa biyu. In an ɗauke wuta a tsakiya aikin bai rushe ba. Kashe akwatin, kada ka yi amfani da shi, a ci gaba idan an dawo da ita. Abin da ke ɓata aikin shi ne a ɗebi wuta a tsakani.

Kan janareta, a yi hattara. Ƙananan janareta ba sa riƙe ƙarfi da bugun wuta daidai, akwatuna da yawa kuma suna son 220V zuwa 240V a 50Hz. Za ka ji yana ƙas-ƙas, yana kamawa yana saki. Rage saurin cajin zuwa ƙasa da rabin ƙarfin janaretan, ka cire sauran manyan kaya daga kansa. Haka yake yi da rabin wutar nan da ake kawowa da yamma; a nan sitabilaiza mai ƙarfin da ya zarce wat ɗin cajin ita ce mafita. Sola na iya yin cikawar idan ba yadda za a yi, da sharaɗin a goge farantin, batir ya cika tun rana na tsaka, ya kuma zauna a jone awa biyu da rana a kansa.

Karanta sakamakon

Ba za ka taɓa samun duk abin da aka rubuta a jiki ta soket ɗin AC ba. Inbata tana cin nata, BMS yana ɓoye kaɗan. Abin da aka saba samu a lafiyayyen akwati shi ne kashi 80 zuwa 90 na lambar. Ga mai 1024Wh, wajen 820Wh zuwa 920Wh. Ga mai 512Wh, wajen 410Wh zuwa 460Wh. In ba ka da mita, ninka wat da awoyi: wat 200 sau awa 4.3 ya ba ka 860Wh.

Idan ka samu haka, batirinka lafiya lau, lissafi ne kawai ya ɓace, kuma a sauka ta gaba ya kamata ka ga lambar tana gangarowa tsaf har ƙasa. Idan ta gyaru amma da saura, misali tsallen ya ragu daga kashi 30 zuwa kashi 10, maimaita zagayen sau ɗaya ko biyu. Fiye da sau uku ɓata lokaci ne.

Idan kuwa mai 1024Wh ya ba ka wajen 700Wh, batirin ya sauko kusan kashi 80 na ƙarfinsa na asali. Batirin LFP ana sa ran sai ya yi zagaye 3,000 ko fiye kafin ya kai nan, wato sama da shekara takwas ana cikawa ana saukewa kullum. NMC kuwa yana kai wa nan a zagaye 500 zuwa 800, wajen shekara biyu ko ƙasa da haka ga mai amfani da shi kowace rana. Don haka 700Wh a tsohon akwatin NMC tsufa ne na al'ada. A akwatin LFP ɗan shekara ɗaya kuwa akwai magana. Saita lissafi ba ya dawo da ƙarfin da ya tafi. Abin da zai yi shi ne ya sa lambar ta riƙa faɗin gaskiya game da abin da ya rage. Wannan awon ne kuma ke tona asirin akwatunan da ba su da suna, waɗanda aka rubuta musu 1000Wh a kwali alhali cikinsu bai kai rabi ba, da na hannu da aka sake wa fenti.

Idan ƙwayoyin ne suka rabu

Akwai matsala ta uku da ke tsakanin biyun nan, ita ce ta fi rikita mutane. Batirin ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwati mai 1024Wh, alal misali, kan ƙunshi jeri 16 na ƙwayoyi masu 3.2V, su ba da 51.2V a kan 20Ah (Ah shi ne yawan cajin da suke riƙewa). BMS yana tsayar da caji da zarar ƙwaya ɗaya ta kai sama, yana kuma yanke wuta da zarar ƙwaya ɗaya ta kai ƙasa. Idan ɗaya ta yi gaba, wata ta yi baya, an ci wurin daga sama an ci daga ƙasa. Alamarsa ita ce tsalle ta ɓangare biyu: caji ya harba daga 85 ko 90 zuwa 100, sauka kuma ta faɗo daga 20 zuwa sifili, Wh ɗin da ka auna ya yi ƙasa da yadda ya kamata.

BMS yana gyara wannan da kansa, amma a sama kaɗai, kuma da wuta 'yar mitsitsiya, yana rage wa ƙwayar da ta yi gaba don sauran su kamo ta. Ka ɗauka tazarar kashi 2 ce na 20Ah, wato 400mAh, ana kuma ragewa da 50mA: awa takwas ke nan. Awa biyun da aka ce a ƙara ba za su isa ba idan tazarar ta yi nisa. Abin yi shi ne a cika shi, a bar shi jone tsawon dare, washegari a sauke shi zuwa wajen kashi 85 ko 90, a sake cikawa a hankali a bar shi. A yi haka kwana huɗu ko biyar, sannan a sake cikakken awo. Idan Wh ya ƙaru, rabuwa ce kuma tana haɗuwa. Idan bai motsa ba, wata ƙwaya ce ta raunana, wannan kuma ba aikin gida ba ne.

Kada ka buɗe akwatin. Batir mai 51V idan ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu yana iya narkar da sifana, a ɓangaren inbata kuma akwai wutar da ta kusa 400V da kan saura ko bayan an kashe. Buɗewa yana kuma soke garanti, alhali manyan kamfanoni da dama suna ba da har shekara biyar a kan akwatunan LFP. Mai gyaran waya ko na rediyo, komai ƙwarewarsa, idan bai saba da irin wannan batirin ba zai iya tsallake BMS ɗin don akwatin ya tashi, ya bar maka abin da ba shi da kariya a cikin ɗakin kwana.

Don kada ya dawo

Akwatin LFP da ake aiki da shi kullum, a bar shi ya cika har 100 ya zauna awa ɗaya ko biyu aƙalla sau ɗaya a sati ko biyu. Wannan kaɗai yana hana yawancin gocewar. Wanda ke son iyakar kashi 80 ya ci gaba da ita, amma ya riƙa ɗage ta ranar da wuta ta zauna. Cikakken zagaye daga 100 zuwa sifili zuwa 100 ya isa sau ɗaya duk wata uku. Yin sa kowane sati ba ya ƙara komai. Wanda ya bar akwatinsa jone a bango dare da rana a matsayin madadin wuta ga kwamfuta ko talabijin, shi ma yana buƙatar wannan zagayen, domin batirin da ba ya motsi lissafinsa yana gocewa a ɓoye.

Idan za a yi tafiya a bar shi, a ajiye shi a wajen kashi 50 zuwa 60, a kashe shi gaba ɗaya daga babban maɓalli, a wuri busasshe da rana ba ta dukansa, a kuma duba shi duk wata uku. Bayan doguwar ajiya kada a yarda da lambar farko da ya nuna sai an cika shi. Gidan da ke dogara da akwatin don injin numfashi na mara lafiya ko firjin magani, su ɗauki Wh ɗin da suka auna da hannunsu su raba da wat ɗin na'urar, su riƙe wannan adadin awoyin, su kuma ɗauki kashi 20 a matsayin ƙarshe.

In ta kai ga komawa wurin mai sayarwa, tafi da rasit, da lambar akwatin da ke jikinsa, da takardar da ka rubuta kashi da lokaci a kanta, da hoton mitar a ƙarshen saukewa, da ɗan bidiyon lokacin da lambar ta yi tsalle idan ka samu kamawa. Faɗa masa zagaye nawa ka yi, da nauyin wat nawa, da Wh nawa ya fito kowane karo. Abu na farko da kamfani zai ce a yi shi ne wannan saitin, don haka wanda ya zo da sakamakonsa a rubuce ya riga ya wuce wannan matakin, sai maganar canji ko gyara.